Dariyar Ɗaka da Murtukewar Waje

Akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita a tsakanin masu ilimi na birnin Damagaram, na lakwal da na zaure, wadda ƙanƙantarta ta sa ba a cika ambatonta a wa'azi ba, alhali kuwa saiwarta tana cikin manyan cututtukan zuciya. Za ka ga mutum kamili, mai rawani ko ma'aikacin gwamnati, idan ya sallaci lisha ya shiga gida, ya zauna gaban talabijin yana kallon wasan barkwanci, irin wanda baƙauye ke shigowa birni a yi masa wayo, ko mai mata biyu ya rasa ɗakin kwana, yana dariya har da hawaye. Amma da gari ya waye aka haɗu a majalisa, wani ya ɗauko zancen wasan, sai ya murtuke fuska, ya ce shi ba ya ɓata lokacinsa a kan shashanci, wannan aikin mata da yara ne. Dariyarsa ta jiya ba ta dame ni ba. Murtukewar yau ce abin dubawa, domin sunanta a wurin malamai riya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce a Damagaram ake jin kunyar wannan abu, garin da aka san shi da wasan kara, inda samari ke shigar sarakuna da manyan hukuma, suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu, masu mulkin kuwa suna kallo ba su ɗauke shi cin mutunci ba. Tun kafin Faransa ta ci garin a 1899 kakanninmu sun san ɗan kama, sun san tashe a watan azumi, sun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ga shi kuwa gidan sarautarmu asalinsa daga Barno yake. Da rediyo ya zo, aka kuma buɗe Télé Sahel a zamanin Seyni Kountché, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Damagaram, wadda Yazi Dogo, malamin makaranta, ya yi suna a cikinta, ita ce ta riƙa sa ƙasar Nijar dariya da harshen Hausa, tana tona asirin mai cin hanci da mai almubazzaranci a wurin biki. Daga kudu kuma ga Samanja na Usman Baba Pategi, ga Rabilu Musa Ibro, wanda rasuwarsa a 2014 ta taɓa Hausawa ko ta wane gefen iyaka.

Ba na musun cewa a cikin waɗannan wasanni akwai abin ƙi. Akwai batsa a wasu, akwai izgili ga gurgu da makaho da mai i'ina, wanda ba shi da wani uzuri a shari'a ko a al'ada, akwai kuma shagala da ke kai mutum ga jinkirta salla. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya sanya raha a sahun illolin harshe, amma bai haramta ta ɗungum ba; yawaita ta da dawwama a kanta ya zarga, ya bar ƙofa ga kaɗan ɗin da babu ƙarya ko cutarwa a cikinsa. To, mutumin namu ba ya wuce ɗayan hali biyu. In ya yi imani abin haramun ne, wajibi ne ya bar shi a ɗaka kamar yadda ya bar shi a waje, tun da Wanda ya hana yana ganin ɗakan. In kuwa ya san mubahi ne, hutun rai ne bayan wahalar yini, to, me ya kai shi ga ƙarya don ya saya wa kansa girma a idon mutane?

Cutar ba ta tsaya a kansa ba. Ya zalunci ɗan wasan da ya yaye masa baƙin ciki da dare, ya sāka masa da raini da rana. Mafi muni, 'ya'yansa da suka ji ƙyaƙyatarsa jiya suna jin musunsa yau, ba tare da an karantar da su ba sun koyi cewa dattijo fuska biyu gare shi.

Na san wani tsohon malami a unguwar Zango, Allah ya jiƙansa, wanda almajirai ke ɗaukar karatun Risala a zaurensa. Shi idan aka tambaye shi ko ya ga wasan jiya, sai ya ce ya gani, ya faɗi wurin da ya ba shi dariya, ya kuma faɗi wurin da ɗan wasan ya wuce gona da iri, da murya ɗaya, a gaban kowa. Ladan na ɗaga murya yakan miƙa hannu ya kashe akwatin, ko da wasan bai ƙare ba, ya ɗauki butarsa.