Hoton Taurari: Gani Ne Ko Ji?

A watannin Afrilu da Mayu, in sama ta yi garau, wanda ya fita bayan gari a Kano ko Zariya da daddare ya fuskanci kudu zai hango taurari huɗu masu siffar gicciye, can ƙasa-ƙasa. Masana na kiransu Crux, mafi ƙanƙanta cikin rukunan taurari 88, kuma su ne a tutocin Ostireliya da Burazil. Ido 'yan ɗige kaɗan kawai yake gani. Hoton da muke ɗorawa a intanet kuwa cike yake da dubban taurari, na saman gicciyen ja-ja-ja, ga wani baƙin gajimaren ƙura a gefe. Ba wanda ya taɓa ganin haka da idonsa. To, ƙarya muke yi?

Ga yadda ɗan koyo ke samar da shi. Zai kafa kyamara a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ya bar ta a buɗe daƙiƙa 15 ko 20. In ya wuce haka, juyawar duniya za ta mai da taurarin zare-zare. Hoto guda yakan fito da ɗige-ɗigen banza da zafin na'ura ke haifarwa, don haka sai ya ɗauki 25, manhaja irin Siril ko Sequator ta jera su ta fitar da matsakaici. Ɗigon banza yana sauya wuri daga hoto zuwa hoto, tauraro yana nan inda yake, sai dattin ya ragu ninki biyar. Kamar alƙali ne ya saurari shaidu 25: kowa da ɗan kuskurensa, amma kowa yana wurin. A ganinmu babu ƙarya a nan. Hasken ya shigo gilashin da gaske, idonmu ne bai iya tara shi.

Akwai wata hanyar. A Maris na 2023 wani ya ɗauki hoton wata, ya dusashe shi da gangan, ya buɗe a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung. Sai ga ramukan wata ɓaro-ɓaro, alhali babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke gane wata ta kyautata hoton. Mu masu rubuta manhaja mun san sirrin: fuska ɗaya wata ke nuna wa duniya kullum, don haka na'ura ta riga ta haddace amsa. Ramukan gaskiya ne. Amma wannan shaida ba ya wurin, labari ya ji. Hausawa sun ce gani ya kori ji; nan ji ne ya ari rigar gani.

Mu ma dai hannunmu ba fes yake ba. Manhajar da ke share datti tana share jirgin sama da tauraron ɗan'adam da suka ratsa hoto ɗaya cikin 25, kuma sun ratsa ɗin. Mu ke zaɓar yawan launi da duhun sama. Abin da ya saura mana shi ne faɗa: hoto nawa aka haɗa, me aka cire, me aka ƙara. Mai kallo yana da haƙƙin sani.

Wani zai ce, in hoto ya yi kyau ina ruwan kowa? Ruwan shi ne sama takan zo da abin da ba a haddace ba. Ranar 2 ga Disamba 2013, John Seach, mai sha'awar taurari a Ostireliya, ya ga ɗigon da babu shi a taswira kusa da Beta Centauri, maƙwabcin gicciyen nan. Tauraro ne ya yi bindiga, bayan 'yan kwanaki har ido na ganinsa. Na'urar da ke zana sama daga abin da ta haddace ba ta da wannan ɗigon a ajiyarta.