Wa Zai Taimaki Mai Masauki?

A damina ta 2022 ruwa ya yi ɓarna a Nijeriya irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Mutane fiye da 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jihar Jigawa kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A 2024 ruwan ya komo, ya haɗa har da ƙasar Damagaram da ta Maraɗi a Nijar. Bari mu dubi ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, gama akwai tambaya a can wadda ta shafe mu duka.

Babu babban kogi a ƙasar nan kamar na Haɗeja. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. In aka yi kwanaki ana ruwa, sai kududdufai su cika su batse, ruwa ya kwanta a gindin katanga, ginin ƙasa ya jiƙe ya zube. Mutumin da ɗakinsa ya faɗi da tsakar dare ba ya jiran mota daga Dutse. Ya kan kwashi 'ya'yansa ya nufi gidan ɗan'uwa ko na maƙwabci. A kan sauke waɗansu a makarantu, amma da yawa a gidajen mutane su ke sauka. A Maigatari kuwa, inda kasuwar Alhamis da auratayya suka haɗa mutanen Nijeriya da na Nijar, baƙon ya kan zama ma daga ƙetaren iyaka ya fito.

Mu lura da lokacin. Ruwan nan ya fi zuwa a Agusta da Satumba, sa'ad da hatsin bara ya kusa ƙarewa, sabon gero kuwa bai shiga rumbu ba. A ce gida mai mutum takwas ya wayi gari da goma sha biyar. Tukunya ɗaya ce, rumbu ɗaya, rijiya ɗaya. Hausawa su kan ce baƙo raɓa ne, amma baƙon ambaliya ba ya tafiya da hantsi. Sai kaka ta yi, ƙasa ta bushe, an buga tubali.

Bayan haka taimako ya kan iso, daga gwamnati da ƙungiyoyin agaji, da baikon da mu kan tara a ekklisiyoyinmu. Wa mu kan tambaya? Wanda gidansa ya faɗi. Mai masauki fa? Katangarsa tana tsaye, saboda haka ba mu rubuta sunansa. Ga shi kuwa shi ne ya fara ba da taimako, tun ba mu ji labari ba.

Wani zai ce, kayan kaɗan ne, wajibi ne a ba wanda ya rasa kome. Maganarsa tana da nauyi, ba kuwa mu ce a rage wa wannan rabonsa ba. Amma mu auna da kyau. Ruwa ya cinye hatsin ɗaya cikin dare guda, alheri ya cinye na ɗayan cikin wata biyu. A ƙarshe yunwarsu ɗaya ce. In mun duba rusasshiyar katanga kaɗai, idonmu ne ya yi rabon, ba gaskiya ba.

Wani kuma zai ce, ai mai masauki don Allah ya yi, biyansa zai ɓata masa lada. Ba biya mu ke nufi ba, gama ba wanda ya isa ya biya shi. Ɗaukar kaya tare mu ke nufi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka ƙyale shi, me muka koya wa gari? Mun koya musu cewa mai buɗe ƙofa shi ne mai hasara. In buhu ya shiga gida da sunan baƙo kaɗai, 'ya'yan mai gida suna kallo, ƙyashi ya sami ƙofa, baɗi kuwa zaure zai yi wuyar buɗewa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun tashi kai taimako, bari mu yi tambaya biyu. Gidan wa ya faɗi? A gidan wa su ke kwana? Mu auna hatsi bisa ga yawan masu ci daga tukunya. Mu sa hannu cikin gyaran rijiya da masai, gama bayan ambaliya amai da gudawa ba su bambanta baƙo da ɗan gari. Kada kuma mu tambayi addinin mutum ko ƙasarsa kafin mu auna masa. Mai masauki bai tambaya ba a daren da aka ƙwanƙwasa masa ƙofa.