Shekara 25 Ana Jira

Karatu: Farawa 12:1-4, 21:1-5

Ɗan'uwa cikin Almasihu, ka tuna rufe bodar Illela a 2019? Motoci suka tsaya, cinikin Kwanni ya mutu, sai Disamba 2020 aka buɗe. Wata 16 ne fa kacal, amma wasunmu a Darna har sun fara jan ƙafa wajen addu'a.

Ibrahim yana ɗan shekara 75 Ubangiji ya yi masa alkawari. Ishaku bai zo ba sai da ya kai 100. Saratu ma dariya ta yi. Duk da haka tsohon nan ya riƙe maganar, hannunsa wayam, domin ya san wanda ya faɗe ta. Kai fa, wane alkawari ka saki don ya daɗe? Koma ka ɗauke shi yau.

Addu'a: Ya Uba, ka ƙarfafa bangaskiyata har maganarka ta cika, cikin sunan Yesu. Amin.