Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne

Yau tambaya na zo mana da ita, kuma ina so kowacce ta amsa wa kanta tsakaninta da Allah. Idan babba ya faɗi abin da ba daidai ba, ke kuma ƙarama kin san daidai ɗin, wanne ne tarbiyya, ki yi shiru ko ki gyara? Mu dai an raine mu a kan cewa yaro ba ya tsinka wa babba magana, balle mace, balle kuma a gaban mutane. Amma Bahaushen da ya koya mana kunya, shi ne dai ya ce gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne. To ina za mu sa kanmu?

Wani taron ƙara wa juna sani da na halarta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero shi ya sa nake ta juya maganar nan. Ni karatuna a sakandare ya tsaya, wata ƙawata ce da ke karatu a can ta ja ni, ta ce a kan harshe da al'adun Hausawa za a yi. Wurin yana nan bakin ganuwa, wajen Ƙofar Kabuga da Dukawuya, kuma makaranta ce mai tarihi. A 1960 aka fara ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 sai aka mayar da sunanta Kwalejin Abdullahi Bayero, don tunawa da Sarkin Kano da ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, sannan a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta.

Ga yadda ake yi, don wadda ba ta taɓa zuwa ba. Malami zai shafe watanni yana bincike, ya rubuta abin da ya gano, shi ake kira maƙala. Ranar taro shugaban zama zai ba shi 'yan mintoci ya karanta, in ya zarce a miƙa masa guntuwar takarda cewa lokaci ya yi, komai furfurarsa. Daga nan sai a ba jama'a dama, mai tambaya ya yi, mai gyara ya yi. Kin ga ke nan mutum da ƙafarsa ya kawo aikinsa don a nemo masa inda ya karkace.

A zaman da na shiga, wani dattijon malami yana bayanin yadda matar Bahaushe ba ta kama sunan mijinta, sai dai ta ce maigida ko malam ko baban wane, ya ce tsoro ne ya haifar da haka. Da aka zo tambayoyi sai wata ɗaliba, wadda a haife ya haife ta har da jika, ta karɓi lasifika ta yi sallama ta gode masa, sannan ta ce, "Allah ya gafarta Malam, in da tsoro ne, me ya sa uwa ba ta kama sunan ɗan farinta? Ai ba tsoron jaririn da ta haifa take yi ba. Ni a ganina alkunya ce, kuma ita alkunya ga wanda ake ji da shi ake yin ta." Wallahi sai da gabana ya faɗi mata. Dattijon nan kuwa ya ɗauki biro ya rubuta, ya ce, "Na gode 'yata, wannan hujja ce, zan sake duba wurin."

To me ya sa wannan bai zama cin fuska ba? Na farko, an ware lokacin da wurin don haka, ba ta tare shi a bakin mota ba. Na biyu, maganarsa ta gyara, ba ta taɓa mutuncinsa ba. Na uku, da hujja ta zo, abin da kowa a ɗakin ya sani a gidansu. Na huɗu, ta ba shi girmansa tun daga sallama har ta zauna. Cire ɗaya daga cikin huɗun nan ki gani, nan take gyara zai koma fitsara.

Kuma da haka ilimi yake ƙaruwa. Rubutun bokon nan da kike karantawa, Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya tsara masa ƙa'idoji a 1912, na bayansa suka yi ta gyarawa. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Abraham ya fitar da nasa a 1949, sannan a 2006 ita Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa wanda ya yi bayanin Hausa da Hausa. Da kowanne ya ce kunyar na gabansa yake ji, da har yau muna nan inda aka fara.

Na san wata za ta ce, ke malama, gida fa ba jami'a ba ne. Su in sun tashi daga taro kowa ya kama gabansa, ni kuwa da mijin nan da surukar nan zan kwana in tashi. Gaskiyarki. Kuma ko a can ɗin ba kowane mai ɗaga hannu ne don Allah yake yi ba. Na ga wanda ya miƙe ya cinye lokacin mutum uku, babu tambaya babu gyara, so yake kawai a san ya yi karatu. Irin wannan akwai shi a tsakar gida, wato matar da ke jiran maigida ya yi tuntuɓen harshe a gaban baƙi ko a gaban abokiyar zama don ta nuna ta fi shi sani. Wannan son kai ne aka lulluɓe da mayafin gaskiya, kuma ya kashe aure ba ɗaya ba biyu ba.

Saboda haka ni a nawa ɗan tunanin, gyara iri biyu ne. Akwai wanda in kin bar shi babu wanda zai cutu sai girman kanki, kamar ya ce ranar Talata aka yi abu alhali Laraba ce. Wannan ki haɗiye shi, ko ki bari sai kun shiga ɗaki. Akwai kuma wanda in kin yi shiru wani ne zai biya kuɗin shirunki. Misali kin haihu, surukarki ta ce a matse nonon farko a zubar wai ba shi da kyau, a ɗura wa jariri ruwa. Ke kuma a wajen awo an gaya miki cewa nonon farkon nan mai kauri shi ne rigakafin farko na yaro, kuma nono zalla ya ishe shi har wata 6. A nan ba ki da zaɓin yin shiru, zaɓinki ɗaya ne, yadda za ki faɗa. Ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ga abin da malamar asibiti ta ce, ko za mu je tare ki ji?" In ba za ki iya ba, ki bi ta wajen maigida ko wata dattijuwa da take jin maganarta. Kunyar da za ta jawo wa jariri gudawa, wa ta amfana?

Saura ɓangaren da ya fi ɗaci. Dukkanmu muna son mu zama ɗalibar nan mai lasifika, amma mu nawa ne za mu iya zama dattijon? Ke uwargida, ranar da amarya ta ce miki maganin nan sau biyu aka rubuta ba sau uku ba, ko 'yarki da ke aji uku ta ce Umma lissafin adashen nan bai cika ba, ko yarinyar aikinki ta ce gishirin ya yi yawa, me kike yi? In kika ce wa ya haifi wani, kin rufe bakinsu ke nan, kuma ranar da abin ya fi gishiri girma ba wanda zai gaya miki. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya hana a kunna masa fitila shi ya fi kowa shan duhun.

Shawarata gare ku, wadda ta ji ana irin wannan taro kusa da ita, in an ce kowa yana iya shiga, ta nemi izini ta je ko sau ɗaya ne, ta zauna ta saurara. Ba sai kina da digiri ba. Ki kula da yadda ake faɗa wa babba gaskiya bai zubar da girma ba, ki ɗauko ki kawo ɗakinki.

Allah ya ba mu harshen gyara da kunnen karɓar gyara, ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, amin.