Mai Awo Bai Auna Cikinsa Ba

A garin Roni ta ƙasar Kazaure an yi wani ɗan kasuwar hatsi da ake yi wa laƙabi da Alhaji Mai Awo. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa cin kasuwa da kwanon awo a ka, yau Amaryawa, gobe Gwiwa, har Allah ya buɗa masa ya koma loda gero da riɗi zuwa Dawanau a Kano. Kallo ɗaya zai yi wa buhu ya faɗa maka kwano nawa ne a ciki.

Da arziki ya zauna, sai shi ma ya zauna. Ko masallacin ƙofar gida a mota yake zuwa. Da safe waina da shayi mai kauri, da rana shinkafa da lemon kwalba, da la'asar fura da nono an cika sukari, da dare tuwo malmala uku, sannan a kawo balangu majalisa. Mutane su ce, “Alhaji, hutu ya karɓe ka!” Shi kuwa ya shafa teɓa ya yi dariya.

Wata Juma'a ya yi sujada ya kasa ɗagowa, sai da mutum biyu suka kama shi. Daga ranar ya koma salla a kujera. Uwargidansa kuma ta fito da abin da ta daɗe tana ɓoyewa: “Alhaji, cikin dare numfashinka ɗaukewa yake yi, sai na girgiza ka.” A babban asibitin Kazaure aka gano ciwon suga da hawan jini, aka tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kafin ranar tafiya, shawara ta yi masa yawa. Wani amininsa na Gwiwa, wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba a Masar shekara ɗaya da rabi da ta wuce, ya zo fes da shi kamar saurayi. “Mutumina, kwana goma kacal na yi a Alƙahira. Biya kuɗi kawai a yanke maka ka huta.” Mahaifiyarsa Inna kuwa, da ta ji, sai ta tafa hannu. “Ɗan nan, a farke maka ciki kana tafiya da ƙafarka? Mu a danginmu ba a san ramamme ba.”

A Kano likita ya ɗora shi a sikeli: kilo 138, tsayi mita 1.7. Ya ce, “Alhaji, mu ma muna da namu awon. Tsayinka sau tsayinka ya ba da 2.89. In aka raba nauyinka da wannan, an tashi da kusan 48. Daga 30 ƙiba ta zama ciwo. Wanda ya kai 40, ko 35 tare da suga ko hawan jini, an daɗe ana ba shi shawarar tiyata. Kai ka wuce duka biyun.”

“To likita, a sa rana mana.”

“Tsaya ka ji abin da za ka saya tukuna. A irin wadda aka fi yi yanzu, ƙananan huji ake yi a ciki, a zura kyamara, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siriri kamar ayaba. A ɓangaren da ake cirewa ne jiki ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa yunwar take raguwa. Da yawa sugansu yakan sauka, wasu har su bar magani. Amma abin da aka yanke ba ya tsirowa. Ana iya samun zubar jini, ko ɗinki ya yi yoyo, ko ƙwannafi ya dame ka. Kusan mako biyu sai ruwa-ruwa za ka sha, daga nan abinci mai laushi, ɗan abin da bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Bitamin da maganin ƙarin jini kuwa har ƙarshen rayuwa. Ko azumi ba za ka ɗauka ba sai mun duba ka.”

Alhaji ya yi shiru. Likita ya ce, “An ce kallo ɗaya kake yi wa buhu. Jiya nawa ka zuba a cikinka?”

Mutumin da ya yi shekara talatin yana auna abincin jama'a ya buɗe baki, ya rasa amsa.

“Je ka auna na wata shida, ka dawo. Wanda ya kasa riƙe awo kafin wuƙa, da wuya ya riƙe bayanta.”

Ya koma Roni ya sa aka nemo masa ɗan ƙaramin kwano. Malmala uku ta koma ɗaya, miyar ganye ta ƙaru, lemon kwalba ya fita daga gidan. Bayan sallar asuba yakan taka wajen duwatsun bayan gari, tun yana hutawa sau biyar har ya koma sau ɗaya. 'Yan majalisa suka fara raɗa: ko karayar arziki ce? Liman ne ya ƙarfafa masa gwiwa, ya tuna masa koyarwar Manzon Allah (SAW) ta raba ciki gida uku, abinci da ruwa da numfashi, ya ƙara da cewa neman magani ba ya karya tawakkali.

Ana cikin wata na biyar ya je Gwiwa duba amininsa. Ya same shi kwance, idanu fari fat, jiri na ɗibarsa, teɓa kuma ta soma dawowa. Ya watsar da bitamin tun da na Masar suka ƙare. Tuwo ba ya shiga da yawa, amma ya gano lemo da fura mai sukari suna zarcewa ba tsayawa, sai ya wuni yana kurɓa. Ya ce, “Mai Awo, wanda ya yi mini aikin yana Alƙahira, ni ina Gwiwa. Wa zan tambaya?”

Wata shida ya cika, sikeli ya nuna 128. Gwiwoyi sun yi sauƙi, amma suga bai sauka yadda ake so ba, awon likita kuma yana kan 44. Alhaji ya yi istihara, ya zauna da uwargidansa, don ita za ta riƙe masa tukunya. Sannan ya shiga ɗakin Inna, ya tarar ta idar da salla. Ya ce, “Inna, ke da shekarunki kina kai goshi ƙasa. Ni ɗanki wata bakwai ke nan ban kai ba.” Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya sa a tashi lafiya.”

Ya sayar da mota ɗaya aka yi aikin a Abuja, bayan ya tabbatar likitansa na Kano zai ci gaba da duba shi. Makonnin farko sun yi ɗaci. In ya ƙara cokali ɗaya sai amai. Ranar Babbar Salla gida ya cika da ƙanshin suya, shi yana gefe da ɗan romo, har ya ce da ya sani. Uwargida ta ce, “Haƙuri, Alhaji, kai ka zaɓa da idonka biyu.”

Bayan shekara ɗaya da rabi nauyinsa ya tsaya a kilo 92. Likita ya rage masa maganin suga, na hawan jini saura ƙwaya ɗaya. Wata Juma'a ya ba wani dattijo kujerarsa, ya shiga sahu ya yi sujada, ya ɗago da kansa. Amininsa ma Alhaji ne ya ɗauke shi a mota ya haɗa shi da likitan Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, don haka irin Alhaji Mai Awo ba su da wuyar samu a unguwanninmu. Wanda likita ya ce aikin ya kama shi, kada kunyar mutane ta hana shi, kada kuma ramar wani ta ruɗe shi. Ya tambayi abin da za a cire, da abin da zai ci bayan nan, da wanda zai riƙa duba shi in ya dawo gida. Likita na iya rage tumbi cikin 'yan sa'o'i, amma riƙon kwano na mai tumbin ne har abada. In kunne ya ji, jiki ya tsira.