Yaron da Muka Riga Muka Yanke wa Hukunci

Duk ranar da aka kama wani riƙaƙƙen ɗan fashi mai shekara arba'in, ba a rasa tsohuwar da za ta ce ita tun yana yaro ta san za a rina. Kuma yawanci gaskiya ta faɗa. A tona tarihinsa, za a tarar da yaron da ya addabi unguwa, ya fasa wa abokansa kai, ya saba yi wa kuɗin cefane ƙafa. Sai mu gyaɗa kai mu ce hali zanen dutse. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: sauran yaran da suka yi wannan ƙiriniyar tare da shi, ina suke yau? Wani yana da shagon walda, wani direban tirela ne, wani ma shi ne ladanin unguwa. Ba wanda ke tuna su, domin ba su zama labari ba.

Wata mai bincike a Amurka, Lee Robins, ta bayyana wannan a 1978. Idan ka tsaya a kan babban mai laifi ka waiwaya baya, kusan kullum za ka ga kangararren yaro. Idan kuwa ka tsaya a kan kangararren yaro ka hangi gaba, mafi yawan irinsa ba sa zama masu laifi a girmansu. Maganganun biyu duk gaskiya ne, amma ta farkon kawai muke riƙewa.

Tun a 1831 wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya lura cewa aikata laifi yana tashi a ƙuruciya, ya kai ƙololuwa a samartaka, sannan ya yi ta sauka. A 1993 Terrie Moffitt, wadda ta yi aiki da bayanan yara 1,037 da ake bibiya tun haihuwarsu a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, ta ce wannan tudun mutane iri biyu ne suka haɗu suka gina shi. Akwai 'yan tsiraru da matsalarsu ta faro tun suna ƙanana, raunin ƙwaƙwalwa ya haɗu da gida marar kulawa, suka ɗore a haka. Sai kuma taron samari da ke shiga laifi da balaga, su fita da girma. Dalilinsu a wurinta shi ne giɓin da ke tsakanin jiki da matsayi: jiki ya zama na babba, amma ba aiki, ba ɗaki, ba wanda ke neman shawararka. Sai saurayi ya nemi girman ta wata ƙofar. Ba a yi wannan bincike a kan 'yan daba na Kano ko 'yan Kalare na Gombe ba, amma duk wanda ya san ɗan shekara ashirin da takwas da har yanzu ake ce wa yaro saboda bai iya haɗa lefe ba, zai gane giɓin da take nufi.

Binciken da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Boston. Wasu ma'aurata, Sheldon da Eleanor Glueck, sun tattara tarihin kangararrun yara 500, suka wallafa a 1950. Bayan shekaru, Robert Sampson da John Laub suka tono takardun a ma'ajiyar Jami'ar Harvard, suka bi sawun mutanen har zuwa shekara 70, suka zauna da 52 daga cikinsu. Kusan kowa ya daina laifi, har waɗanda aka cire rai da su. Abin da ya fi wannan nauyi: bayanan yarinta, duk yawansu, ba su iya nuna da kyau wanda zai daina da wuri da wanda zai daɗe ba. Abin da ya raba su ya zo ne daga baya: aure mai ɗorewa, aikin da ake jiran mutum kullum da safe, shiga soja, ƙaura daga tsohuwar unguwa. Da yawansu ba su zauna sun ƙudura tuba ba. Sun dai wayi gari suna da abin da ba sa so su rasa.

Iyayenmu da ke cewa a yi masa aure ya natsu za su ji daɗin wannan. Sai dai a tuna 'yar wani ce ake miƙawa a matsayin magani, kuma idan maganin bai ci ba, ita ke kwana da cutar.

Mu da ke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, maganar ta shafe mu kai tsaye, domin hasashen da tsohuwar unguwa ke yi da baki yanzu mu ake ba kwangilar mayar da shi lissafi. A wasu kotunan Amurka ana amfani da manhajar COMPAS wadda ke ba wanda ake tuhuma maki a kan yiwuwar ya sake laifi. A 2016 kafar ProPublica ta duba mutum sama da 7,000 a wata gunduma ta jihar Fulorida, ta ce cikin waɗanda ba su sake laifi ba, kusan kashi 45 cikin 100 na baƙar fata an yi musu tambarin masu haɗari, farar fata kuwa kusan 23. Kamfanin ya musanta fassarar, kuma an daɗe ana muhawara. Amma ko da lissafin ya fita tsaf, manhaja daga waiwaye take koyo, sannan a ce ta yi hange. Makin da take bayarwa labarin mutane dubu ne masu kama da kai, ba naka ba.

Kuma hukuncin yana iya haifar da abin da ya hasasa. Moffitt ta yi maganar tarkuna: ɗauri, barin makaranta, ƙwaya, sunan da ya ɓaci. Saurayin da zai fita da kansa a shekara ashirin da biyar, idan aka ɗaure shi a sha tara, ya rasa makaranta, maigida ya ƙi ɗaukarsa, iyayen yarinya suka ce ba da su ba, an toshe masa daidai ƙofofin da mutanen Boston suka bi suka fita. Idan ya koma laifi, sai a shigar da shi cikin bayanai a matsayin shaidar cewa hasashen ya yi daidai.

Ƙuruciyar ma kanta tana yanka ta fuska biyu. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta hukuncin kisa a kan wanda ya yi laifi kafin ya cika shekara 18, domin hankalinsa bai gama nuna ba kuma halinsa bai kafu ba. Amma a lissafin haɗari, ƙarancin shekaru yana cikin abubuwan da ke ɗaga maki, tunda samari ne suka fi sake laifi. Alƙali zai buɗe fayil ɗin ɗan shekara sha tara, shekarun nan suna ce masa ya sassauta, lambar da ke kan allon kwamfutarsa kuma, wadda shekarun ne suka ɗaga ta, tana ce masa kada ya ba da beli.