Ashirin da Huɗu: Idan Haƙƙi Ya Fi Dukiya Yawa

A ƙauyukanmu na Hausawa da ke gefen kogin Nilu, daga Maiurno har zuwa Sinja, da faddan ake auna gona, shi kuma faddan kirat 24 ne. Na daɗe ina tambayar kaina: me ya sa 24, ba 20 ko 25 ba?

Amsar tana cikin halin lambar kanta. Lambobi takwas ne ke raba 24 ba tare da ragowa ba: 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da ita kanta. Babu wata lamba ƙasa da ita da ke da masu raba ta har haka. Maƙwabciyarta 23 kuwa ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Sannan 24 ce lamba mafi ƙanƙanta da rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da tumuni duk suke fita daga cikinta daidai. Shi ya sa malaman gado suka riƙe ta a matsayin ɗaya daga cikin asalan lissafinsu.

To amma ko ita wataran takan gaza. A ce mutum ya rasu ya bar faddan ɗaya, da mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Matar tana da tumuni, kirat 3. 'Ya'yan suna da sulusi biyu, 16. Uwa 4, uba 4. Jimla 27, gona kuwa 24 ce. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa haƙƙinsa yake nema, amma ƙasar ba ta kai ba. Wa zai haƙura?

Abin da jumhurun malamai suka tafi a kai, har da Malikiyya, shi ne auli: a raba gonar kashi 27. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, don haka matar da ta sa ran 525 za ta tashi da kusan 467, tumuninta ya koma tusu'i. Kowa ya rasa ɗaya bisa tara na rabonsa. An ruwaito Ibn Abbas bai yarda da haka ba. A ganinsa akwai waɗanda za a cika wa nasu tukuna, ragin ya faɗa kan sauran.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da auli, ko da yake na san yana da ciwo. Mita 58 a wurin matar da aka bari da marayu ba ɗaya ba ce da mita 58 a wurin mai wadata. Lissafi ba ya ganin hawaye. Sai dai da zarar an ce a fara cika wa wani, a aikace mai ƙarfin murya ne ke shiga gaba. Manomin da gonarsa ke ƙarshen magudanar ruwa a Jazira ya san wannan: na sama ya sha ya ƙoshi, shi ya kwana da ƙishi.

Yaƙin da ya shigo Sinja a 2024 ya bar gidaje da yawa da bakuna 27 a kan tuwon mutum 24. Bahaushe ya ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Adalci ya fara da a raba rashin a kan kowa. Bayan nan, mai hali ya sakar wa mai rauni daga nasa, don Allah.